Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk ma'aikacin gwamnati ya san abin da kan faru idan aka ce masu duba aiki suna tafe. Sai a shafa wa bango farar ƙasa, a kaɗe ƙurar fayiloli, a cike takardun da aka yi wata shida ba a taɓa ba. Baƙi su zo su yaba, su tafi, a koma gidan jiya. Wani tsari na asibitocin ƙasar Ingila ne ya tuna mana da wannan hali, domin an shirya shi ne yadda kwaskwarimar dare ɗaya ba za ta yi amfani ba.

A can akwai sassa na musamman da ke farfaɗo da masu ciwon huhu mai daɗewa, watau mutanen da numfashi ke sarƙe musu ko da tafiya kaɗan suka yi. Aikin sashen shi ne motsa jiki a gaban ƙwararru, tare da koya wa majiyyaci yadda zai zauna da cutarsa. A shekarar 2014 Ƙungiyar Likitocin Ƙirji ta Birtaniya ta gindaya ƙa'idoji: horon kada ya gaza mako 6, sau 2 a kowane mako, kuma a fara shi cikin wata 3 daga ranar da likita ya turo mutum. A 2018 kuma Kwalejin Likitoci ta Sarauta da ke Landan ta soma bai wa sassan da suka cika sharuɗɗa shaidar inganci.

To, ta ina sashe zai fara shiri? A ganinmu, daga ƙirga kasawarsa, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Binciken da aka yi a Ingila da Wales a 2015 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na majiyyata sun jira fiye da kwana 90, kuma cikin waɗanda aka tura, ko rabi ba su kai ƙarshen horon ba. Sashen da bai san nasa adadin ba, me zai gyara? Idan ya sani, sai ya ɗauki matsala guda, ya gwada ƙaramin canji, kamar buga wa mutum waya kafin ranarsa ta farko ko kai horon wani zaure kusa da unguwarsa, sa'an nan ya sake ƙirgawa. Abin da ya yi amfani a riƙe, wanda bai yi ba a watsar.

Ga wani misali da ke nuna inda gaskiya take. Ana auna majiyyaci da tafiyar minti 6, a ga mita nawa ya ci, kafin horo da bayansa. Ƙa'ida ita ce a farkon zuwansa ya yi tafiyar sau biyu, domin mutum yakan fi nisa a karo na biyu saboda sabo kawai. Sashen da ya tsallake wannan, alƙalumansa za su yi kyau ƙwarai, alhali wani ɓangare na ci-gaban ba nasa ba ne. Ke nan neman shaidar yakan tilasta wa ma'aikata su karɓi sakamakon da bai kai na da armashi ba.

Masu ƙorafi suna cewa tattara hujjoji yana cin lokacin da ya kamata a ba marasa lafiya, kuma ƙaramin sashe mai ma'aikata ƙalilan zai sha wuya. Lalle suna da gaskiya, kuma hakkin shugabannin asibiti ne su ware musu lokaci da magatakarda. Amma ba mu yarda a bar ƙirgen ba.

Mu ma nan muna da mata da hayaƙin murhu ya ci wa ƙirji, da waɗanda suka warke daga tarin fuka amma huhunsu bai koma daidai ba. Asibitin da ya yi niyyar buɗe musu irin wannan sashe, kayan farko da yake bukata su ne baranda mai tsawon mita 30, da agogo, da rajistar da za a riƙa rubuta ranar da aka turo mutum da ranar da aka fara ganinsa.