Waƙa a bakin mai ita: abin da littafin jandarma ba ya faɗi game da laifi a iyakar Ƙonni

Duk inda aka ta da zancen sata da fashi da fasa-ƙwauri, ko a tashar motar Birnin Ƙonni, ko a rumfar ƴan canji, ko a inuwar ofishin perefe, nan da nan kowa ya zama malami. Wani ya ce talauci ne. Wani ya ce tarbiyya ce ta lalace. Wani ya ce hukunci ne ya yi sanyi. Wani kuwa ya rage murya ya ambaci sunan wata ƙabila. Kowace magana daga cikin waɗannan tana tafe da maganinta a hannu, kuma idan aka kuskure dalilin cuta, to maganin ma ya zama wata cutar. Ɗan kasuwar da aka rufe wa hanya da ma'aikacin da aka tura tsaron shinge cikin dare su ne ke fara ɗanɗana kuɗar wannan kuskure. Shi ya sa a wannan mako filin zai duba abin da masanan ilimin laifuffuka suka faɗa, da hanyar da suke bi su gane gaskiyar lamarin.

Yankin da ake magana a kansa sananne ne. Birnin Ƙonni na kan babbar hanya mai lamba 1, kilomita kaɗan daga Illela ta jihar Sakkwato. Daga Tsarnawa hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Malbaza mai siminti da Galmi mai albasa, ɗaya ta haura arewa ta ratsa Badagishiri, cikin gundumar Illela ta Nijar, ta wuce Tawa da Agadas. Harshe ɗaya, auratayya ɗaya, kuɗi iri biyu, doka iri biyu. A cikin wannan yanki ne, a ƙauyen Masalata, ƴan bindiga suka sace wani Ba'amurke a ƙarshen watan Oktoba na 2020, suka tsallaka da shi Najeriya, inda sojan Amurka suka ƙwato shi ranar 31 ga watan. Kuma a cikinsa ne samari suka daɗe suna cin abinci da ɗauko man ruwa-ruwa bisa moto. Wanda ya zuba waɗannan biyu cikin buhu ɗaya ya kira su masu laifi, bai fahimci ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mai cewa laifi a jini yake, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yana da magabaci. A 1876 wani likitan Italiya, Cesare Lombroso, ya auna kawuna da fuskokin ƴan kaso, ya ce akwai mutumin da aka haifa mai laifi, kuma ana gane shi daga siffarsa. A 1913 wani likitan Ingila, Charles Goring, ya gwada ƴan kaso kimanin 3,000 da mutanen da ba a taɓa ɗaurewa ba, bai sami wannan siffa ba. Ilimi ya yar da ra'ayin Lombroso tuntuni, amma har yanzu yana yawo a kasuwa duk lokacin da aka ɗora laifin mutum goma kan al'umma guda.

Mai cewa a tsananta hukunci shi ma ya kamata ya ji abin da Cesare Beccaria ya rubuta tun 1764: abin da ke hana mutum laifi shi ne tabbacin za a kama shi, a hukunta shi ba da jinkiri ba, fiye da girman hukuncin. Doka mai kaifi da ake iya saye da jika biyu a bakin shinge ba ta tsoratar da kowa.

Mai cewa talauci ne ya kusanci Robert Merton, Ba'amurken da ya bayyana a 1938 cewa laifi na ƙaruwa inda al'umma ta nuna wa kowa abin da ya kamata ya mallaka, sa'annan ta toshe wa da yawa halaltacciyar hanyar samunsa. Saurayin Adar da ake jira ya kawo sadaki da moto da kayan salla, alhali gonarsa ba ta ciyar da gida har damina ta kewayo, misali ne a fili. Amma ra'ayin bai bayyana abin da ya sa mafi yawan talakawa ke zaɓen ci-rani da dako a kan sata ba, bai kuma bayyana satar mai albashi ba. Nan Edwin Sutherland ya shigo. Ya ce laifi sana'a ce da ake koyo daga abokan zama, tare da dabarunta da hujjojinta, abin da Bahaushe ya taƙaita da cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shi ne kuma a 1939 ya jawo hankali kan laifin masu farar kwala, wato manya masu ofis da mutunci, waɗanda ɓarnarsu ta fi ta ɗan sane nesa ba kusa ba, amma ba kasafai suke kwana a kaso ba.

A 1979 Lawrence Cohen da Marcus Felson suka ce a daina duban zuciyar mai laifi kaɗai, a dubi dama. Laifi na aukuwa ne idan mai niyya ya haɗu da abin da ya dace da ɗauka, babu mai tsaro a wurin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Labarin man fetur ya ishi mai karatu hujja. Shekara da shekaru ƴan duwan suna kama bido-bido, sana'ar ba ta mutu ba, domin tazarar farashi tsakanin ƙasashen biyu ta fi asarar kamun. Da Najeriya ta janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, farashi ya tashi a can, riba ta ragu, kwararar ta ja baya. A watan Maris na 2025, lokacin da aka yi ƙarancin mai a Nijar, kamfanin SONIDEP da kansa ya ambaci ƙafewar man da ke shigowa ta bayan fage cikin dalilan ƙarancin. Abin da shinge ya kasa, farashi ya yi shi.

Akwai kuma Howard Becker, wanda a 1963 ya tunatar da cewa masu kafa doka su ne ke raɗa wa aiki sunan laifi. Direban da ke ɗaukar baƙi zuwa iyakar Libiya mai sana'a ne kafin dokar 2015-36 ta watan Mayu 2015. Bayanta ya zama mai laifin da kaso ke jira. Da aka soke dokar a watan Nuwamba 2023 ya koma mai sana'a. Haka nan da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, mai buhun wake da ya saba bin ƙofa da takardunsa ya wayi gari ɗan fito mai bin daji. Mutumin bai sake ba, takarda ce ta sake.

To, wane ra'ayi ne ya dace da wane laifi a Ƙonni, Malbaza da Illela? Littafin jandarma da na kotu ba za su amsa ba. Suna ƙidaya wanda aka kama da wanda ya kai ƙara. Ba su san satar da aka sasanta gaban hakimi ba, ba su san kuɗin fansar da dangi suka biya a asirce ba, ba su san yaron shagon da maigida ya kora shiru don gudun tonon asiri ba. Idan lissafinsu ya hau, mai yiwuwa laifi ne ya ƙaru, mai yiwuwa kuma sintiri ne aka ƙara. Kuma ko lissafin ya yi daidai, yana faɗin nawa ne, ba ya faɗin yaya aka yi ko don me.

Saboda haka masana suka koma ga hira mai zurfi da masu abin. A 1930 Clifford Shaw na Shikago ya buga tarihin rayuwar wani matashin ɗan ƙwace daga bakinsa. A 1937 Sutherland ya fitar da littafi tare da wani tsohon ƙwararren ɓarawo. A 1953 Donald Cressey, bayan hira da ƴan kason da suka ci amanar kuɗi, ya gano abu uku da ke haɗuwa: matsalar kuɗi da mutum ke jin kunyar faɗa wa kowa, sanin cewa makullin na hannunsa, da kalmar da zai lallashi zuciyarsa da ita, kamar ya ce aro ne, zai mayar. Duk Alhajin da ke da ma'aji da duk shugaban da ke da akawu ya kamata ya riƙe wannan. A 1994 Richard Wright da Scott Decker suka buga hirarsu da masu fasa gidaje 105 da ba su cikin kaso a birnin St. Louis, domin sun lura cewa wanda ke hira da ɗaurarru kaɗai yana jin labarin waɗanda suka kasa ne.

A ƙasar Hausa ma an yi irin wannan aiki. Emmanuel Grégoire ya zauna da Alhazan Maraɗi, ya fitar da littafi a kansu a 1986, ya nuna yadda cinikin ƙetare iyaka ke tsaye bisa amana tsakanin ubangida da baransa. Cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001 ta gina sunanta kan wannan hanya. Binciken da Giorgio Blundo da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta kan cin hanci na yau da kullum a Nijar, Benin da Senegal, wanda Mahaman Tidjani Alou ya yi aiki a cikinsa, ya saurari ma'aikatan duwan da na shari'a da direbobi da ƴan kwangila. Ya nuna cewa bayan dokar da ke rubuce akwai wasu ƙa'idojin aiki da kowa ya sani ba a rubuta ba, kuma sabon ma'aikaci daga tsofaffi yake koyonsu. A Satumba 2021 Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ya gabatar da sakamakon shekaru na hira da ƴan bindigar Zamfara, inda rikicin ƙasar kiwo da ramuwar gayya kan kisan da ƴan sa-kai ke yi suka fito cikin tushen fitinar. A Afrilu na wannan shekara ta 2021 ƙungiyar International Crisis Group ta yi gargaɗi cewa fashin na tsallakowa yankin da ke tsakanin Maraɗi da Dogon Dutsi, wanda Ƙonni ke tsakiyarsa.

Hirar bincike tana da ƙa'idojinta. Mai bincike yana samun mutum na farko ta hannun wanda aka amince da shi, wannan ya haɗa shi da na biyu, na biyu ya kai shi ga na uku. Yana magana da harshen mutumin, a wurin da hankalinsa ke kwance, ba a ofishin hukuma ba. Ba ya tambayar da amsarta i ko a'a ce, ba ya kuma cewa "don me ka yi sata?", sai ya ce "ba ni labarin tafiyarka ta farko, wa ya kai ka, nawa ka samu, ina kuɗin suka shiga?" Ba ya ɗaukar murya sai da izini, ba ya rubuta suna ko unguwa, ba ya neman labarin abin da ake shirin aikatawa. Abin da ɗan ruwa-ruwa ya faɗa yana gwada shi da na ɗan duwan, da na mai gidan mai, da na matar da ke jiran cefane, da abin da idonsa ya gani a hanya. Yana ci gaba har ya ga sabbin hirarraki sun daina kawo sabon abu.

Hanyar tana da ramukanta. Mai laifi na iya cika baki, yana iya wanke kansa. Tun 1957 Gresham Sykes da David Matza suka jera hujjoji biyar da masu laifi ke kwantar da zuciyarsu da su: ba yin kaina ba ne, ban cuci kowa ba, wanda aka yi wa shi ya jawo, masu zargina sun fi ni ci, don nawa na yi. Mai bincike yana rubuta su a matsayin shaida kan yadda mutumin ke tunani, ba ya ɗaukarsu hukuncin gaskiya. Yana kuma tsoron kada ɓangare guda ya mallake shi, ya zama idan ya sauka gidan sarki bakin makiyayi ya rufe. Sa'annan hira da mutum 40 ba ta ba da izinin cewa kashi kaza cikin ɗari na samarin gunduma haka suke. Wannan aikin ƙidaya ne, kuma kowane na buƙatar ɗan'uwansa.

Abin da ya rage ya rataya a wuyan masu karatun wannan shafi. Jami'ar Tawa da ta Abdu Mumuni suna da ɗaliban da za su iya wannan aiki idan aka buɗe musu ƙofa. Perefe da shugaban ma'aikata su ba da izini ba tare da neman jerin sunayen waɗanda aka yi hira da su ba, domin ranar da littafin mai bincike ya zama takardar ƙara, daga ranar babu wanda zai sake buɗa baki. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na direbobi su faɗi abin da suke biya a hanya da abin da suke ɓoyewa, gaba ɗaya, ba rabin da ya yi musu daɗi ba. Sauraron mai laifi ba yafe masa ba ne; alƙali na nan da aikinsa. Amma kafin a sake rufe wata kasuwa, ko a hana hawan moto, ko a nuna wata ruga da yatsa, ya kamata a san ko yunwa ake yaƙa, ko dama, ko gaba, ko kuwa wata doka ce ta mai da mai sana'a ɗan fito. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma matambayi ba ya ɓata. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya.