Gamsuwar majiyyaci a ƙananan asibitocin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

A gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi, kiwon lafiya matakin farko yana bisa tsani mai hawa uku: ɗakin shan magani na ƙauye, cibiyar lafiya da ake kira CSI, sai asibitin gunduma. Abin da ya gagara ake turawa Maraɗi. Yawancin ɗakunan shan magani an gina su ne ƙarƙashin shiri na musamman na Shugaba Tandja Mamadou daga 2001, kuma tun 2006 dokar ƙasa ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu awon ciki ba sa biya. Gazawa kuwa sai a 2011 aka cire ta daga Agiye ta zama gunduma mai cin gashin kanta.

Idan aka tambayi mai fitowa daga asibiti ko ya gamsu, amsar da aka fi ji ita ce "alhamdu lillahi". Wannan amsa tana da nauyi, amma ba a iya auna ingancin aiki da ita ba tare da an san wanda ya faɗe ta ba. Macen ƙauye da ba ta yi boko ba, wadda aka tare ta da tambaya a ƙofar asibiti, ma'aikaci na kallonta, gobe kuma nan za ta dawo da goyonta, da wuya ta kushe. Kunya da kawaici suna hana ta, tsoron kada a gane ta ma yana hana ta. Malamin makaranta ko ɗan kasuwar da ya saba da asibitocin Maraɗi ko Katsina zai ƙirga awannin da ya yi a layi, ya tambayi dalilin da ba a auna jininsa ba. Aiki ɗaya aka yi musu, sai dai abin da kowa ya sa rai da shi ya bambanta. Saboda haka yawan yabo daga talakawa sau da yawa yana nuna ƙarancin abin da aka saba ba su ne.

Mata ne suka fi cika waɗannan wurare. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen jihar Maraɗi tana haihuwar 'ya'ya 8.4 a matsakaici, sama da 7.6 na ƙasa baki ɗaya. Tsakanin awon ciki, rigakafi, zazzaɓin damina da tamowa, uwa tana iya shafe shekaru ashirin tana zirga-zirgar asibiti. Amma izinin fita da kuɗin kabu-kabu ko amalanke suna hannun maigida. Mai cikin fari tana ɓoye cikinta har ya tsufa. Wasu matan ba sa sakin jiki in namiji ne zai duba su, ungozoma mai ilimi kuwa ba kowane ƙauye ke da ita ba.

Abin da ya fi zama a zuciyar majiyyaci shi ne tarba. Gaisuwa, wurin zama a inuwa, labule lokacin dubawa, bayanin yadda za a sha magani da Hausar da ake ganewa: waɗannan ba sa cin kuɗi, kuma su ne ake ba da labarinsu a bakin rijiya. Tsawa ɗaya a ɗakin haihuwa tana iya mayar da matan unguwa guda ga haihuwar gida. Masu bincike Jaffré da Olivier de Sardan sun bayyana wannan matsala ta rashin kyakkyawar tarba tun 2003 a binciken da ya haɗa da Yamai. Adalci ne kuma a faɗi cewa ma'aikacin jinya ɗaya da ke duba layin yara daga safe zuwa la'asar a watan Agusta, lokacin da ake rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ba haƙuri kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar abokin aiki.

Sai maganar magani. Gwamnati ta daɗe tana jinkirin biyan asibitoci kuɗin aikin kyauta, kantar magani ta bushe, uwa ta fito da takarda a hannu a ce ta je ta saya. Daga nan wasu ke karkata ga masu tallar ƙwayoyi a kasuwa.

Gidan Rumji tana da nata ƙarin nauyi. Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka shigo, aka zaunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Inda ƙungiyoyin agaji suke, magani kan wadata; ƙauyen da ke nesa da kwalta yana gani yana kwatantawa.

Babban giɓin kowane irin ƙirgen gamsuwa shi ne wanda bai zo ba: tsohon da doka ba ta yafe wa kuɗi ba, makiyayin da ke rugga, da matar da ta zo sau ɗaya ba ta sake dawowa ba. Kwamitocin kula da asibiti da wakilan lafiya na ƙauyuka su ne suka san gidajen waɗannan mutane, kuma a zaurensu da tsakar gidajensu ya kamata a yi tambayar, ta bakin wanda ba ma'aikacin asibitin ba.