Gadon Yohanna Gowon

Idan aka ambaci Janar Yakubu Gowon, kakin soja ake tunawa, da juyin mulkin 1966, da yaƙin basasa. Ba kasafai ake waiwayar dattijon da ya haife shi ba. Yohanna Gowon mutumin Angas ne daga ƙasar Kanke ta Filato, mai bishara a ƙarƙashin mishan ɗin CMS. Ya kwaso iyalinsa zuwa Wusasa, bayan ganuwar Zariya, tun Yakubu, haihuwar 1934, yana ɗan ƙanƙane. Wusasa kuwa sabon zango ce a lokacin, don sai a 1929 mishan ɗin Likita Miller ta baro cikin birni ta koma can, aka gina majami'ar St. Bartholomew da jar ƙasa, ginin Hausa sak.

Yohanna ba naɗaɗɗen limamin coci ba ne, bokonsa ba mai zurfi ba ne, ga 'ya'ya goma sha ɗaya, ga baƙunta a ƙasar Hausa. Amma duba inda ɗan nasa ya bi. Ya shiga kwalejin gwamnati ta Zariya, wato Barewa, inda galibin ɗalibai Musulmi ne. Ya shiga soja a 1954, ya je Sandhurst a Ingila, ya zama shugaban ƙasa yana da shekara 31. Duk wannan bai raba shi da addu'a da zuwa sujada ba, bai kuma sa shi ƙyamar abokan zamansa Musulmi ba. Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, ya hana ramuwar gayya. A ganina akwai hannun tarbiyyar Wusasa a wannan. Ban ce ta mai da shi waliyyi ba: yunwar Biyafara ta kashe ɗimbin yara a zamaninsa, ya kuma saɓa alkawarin miƙa mulki a 1976. Sai dai bangaskiyar ba ta sake shi ba. Bayan an tumɓuke shi a 1975 ya yi zaman Ingila, ya dawo, a 1996 ya kafa ƙungiyar addu'a ta Nigeria Prays, shekaru da dama bayan an binne uban.

To, me ya haɗa wannan da Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa? Kiristocin wannan yanki 'yan tsiraru ne. Wasu jikokin Maguzawa ne da suka karɓi bishara ta hannun mishan ɗin SIM, wadda ta taɓa riƙe makarantar yara maza a Roni, wasu kuma aiki ko kasuwanci ne ya kawo su. Yaronsu yana tashi yana ganin abokinsa Musulmi riƙe da hannun babansa za su masallaci, sau biyar a rana. Shi fa? Ekklesiya ranar Lahadi kawai take ganinsa. A gidaje da yawa an sakar wa uwa da zumuntar mata komai, maigida yana gona, ko ya tafi cin rani Kano ko Legas, in ya dawo ma sai ya ce koyarwa aikin fasto ne. Yaro kuwa ba wawa ba ne, ya san abin da babansa ya ɗauka da muhimmanci.

Na fi ganin tasirin uban da, ana kiran assalatu a maƙwabta, zai shimfiɗa tabarma, ya zaro Littafi Mai Tsarki daga cikin leda, ya haska tocila, ya karanta aya biyu yana tuntuɓe da haruffa, yara suna gyangyaɗi. Gari ya waye su ga bai tauye mudu ba, su ga ya je gaisuwar rasuwa gidan liman. Mai tafiya cin rani ma yana iya kiran waya da dare ya yi addu'a da yaransa, katin naira ɗari biyu ya isa.