Ra'ayinmu: Tsakanin 'Yar Tsana Da Motar Wasa

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Wuse ko ta Garki a jajibirin Sallah ya san yadda ake baje kayan wasan yara: 'yan tsana da ƙananan tukwane a gefe guda, motoci da bindigogin roba a ɗaya gefen. Kafin uba ya taya, mai kaya ya riga ya tambaye shi: "Alhaji, mace ce ko namiji?" Amsar da ya bayar ita ke yanke abin da zai kai gida. Abin dubawa shi ne, yaran ne suka zaɓi wannan rabo, ko manya ne suka zaɓa musu?

Masu ganin rabon daidai ne suna da hujja. Tun kafin kayan roba na ƙasar Sin su cika kasuwanninmu, 'yan mata a ƙasar Hausa suna goyon 'yar tsana, suna tuwon ƙasa da carafke, yara maza kuwa suna ƙera motar kara, suna sukuwa a kan dokin kara, suna langa a dandali. A ganinsu wasa makarantar farko ce, inda yaro ke koyon nauyin da zai ɗauka idan ya girma. Ilimin zamani ma bai watsa musu ƙasa a ido ba. Wani bincike da masana na Jami'ar Emory ta Amurka suka wallafa a 2008 ya nuna cewa birai maza sun fi karkata ga kayan wasa masu taya, alhali biri bai san talla ba, bai san gorin tsara ba.

Ɗaya ɓangaren ma ba da ka yake magana ba. Wannan binciken dai ya nuna cewa birai mata sun yi wasa da kowane iri. Karkatar jinsi kuwa magana ce ta galibi, ba ta zama hukunci a kan kowane yaro. Suna kuma tunatar da mu cewa hannun da ya saba kwancewa da haɗawa tun yarinta ya fi sakewa da lissafi da ƙere-ƙere. Rahoton UNESCO na 2021 ya ce mata kashi 28 cikin 100 ne kacal na masu kammala karatun injiniya a duniya. Kayan wasa ba su kaɗai suka jawo haka ba, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abuja tana da nata misali: Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, sannan a 1954 ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar koyar da tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda maza kaɗai ke koyo.

Da aka auna, kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Karkata ta halitta tana nan, musanta ta ba hikima ba ce. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta wajabta wa manyan kantuna ware sashen kayan wasa da ba na wani jinsi ba daga 2024. Mu ba ma buƙatar doka irin wannan. Amma mayar da karkata ta zama katanga shi ma kuskure ne, kuma addini bai ɗora mana shi ba. Ya zo a hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana, a cikinsu har da doki mai fikafikai, Manzon Allah (SAW) ya gani, ya yi dariya.

Matsayinmu shi ne iyaye su faɗaɗa zaɓi, su bar tilastawa. Yarinyar da ke son 'yar tsana a saya mata, a haɗa mata da tubalan gini; idan mota ta nuna, kada a ce mata "ba ta mata ba ce". Yaron da ya leƙa wasan girki kada a kunyata shi, domin gobe shi ne uba mai reno, ko likita mai jinya. Makarantun rainon yara na Babban Birnin Tarayya su ajiye kayan wasa wuri guda, kowa ya ɗauki abin da ransa ya kwanta da shi. Idan kuma akwai abin da ya cancanci iyaye su yi tsayin daka a kansa, to bindigar roba ce, a hannun ɗa ko a hannun 'ya.