A Gwada Tankin Mai Kafin a Sake Cika Shi

A watan Oktoban 2024 ne sojojin Sudan suka karɓe garin Suki daga hannun dakarun RSF. Kiranmu ga 'yan'uwa masu gidajen mai daga Suki zuwa Maiurno shi ne, kada kowa ya zuba fetur ko gas a tankin da ya kwana biyu babu kulawa sai an gwada shi.

Tankin ƙarfe da ke binne yakan tara ruwa ya yi tsatsa. Ƙasarmu kuma laka ce, tana kumbura da damina, ta tsage da rani, ta motsa bututu. In ya fara yoyo, ido ba ya gani, sai man ya kai ga rijiyoyin unguwa. Wa zai biya makwabta diyya?

A Amurka doka ta wajabta wa mai gidan mai ya nuna yana da inshora ko wani lamuni na dala miliyan 1 saboda irin wannan ɓarna. Wasunmu na ƙyamar inshora don gudun riba da caca. To, a nan Sudan aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a duniya a 1979, bisa tsarin taimakekeniya.

Saboda haka a riƙa auna tanki da sanda kullum, a gwama da abin da famfo ya sayar. In lissafi ya ƙi daidaita, a dakatar da sayarwa. A kuma tambayi kamfanin inshora ko takardarsa ta haɗa da yoyo, ko gobara kaɗai ce. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyaye mana dukiya da rayuka.