Wane Ƙwan Lantarki Ya Dace da Wuraren Wankin Mota a Kudancin Kaduna?

Mota ba baƙuwa ba ce a kudancin Kogin Kaduna, domin a Kakuri ne kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. Bayan durƙushewar masaƙu, musamman Kaduna Textiles wadda aka buɗe a 1957 ta kuma tsaya a 2002, matasa da dama sun koma ga ƙananan sana'o'i. Wankin mota na daga ciki, kamar yadda ake gani a bakin titunan Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha, inda aiki kan kai dare. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa lokaci ya yi da masu wannan sana'a za su bar tsohon ƙwan lantarki mai zare, su koma ga ƙwai mai tsimin wuta, wato wanda ake kira LED.

Hujja ta farko tana cikin yadda ƙwayayen biyu ke aiki. Tsohon ƙwai sai zarensa ya yi jawur kafin ya ba da haske, saboda haka kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. Shi kuwa LED, hasken da ƙwai mai wat 60 ke bayarwa yakan ba da shi da wat 9 ko 10 kacal. Tsohon kan ƙone bayan awa 1,000, mai tsimi kuwa, in nagari ne, yakan wuce awa 15,000. Wannan ci gaba ne ya sa aka bai wa Akasaki da Amano da Nakamura lambar Nobel a 2014.

Hujja ta biyu ita ce tsada. An janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit. Alal misali, a ɗauka wani wuri yana kunna ƙwai 10 masu wat 100 na tsawon awa 5: ya sha yunit 5 ke nan a dare guda. Idan aka musanya su da masu wat 15, ko yunit 1 ba zai cika ba. Bugu da ƙari, wuta kaɗan irin wannan batir da faifan sola za su iya ɗaukarta. Ashe ke nan janareto zai huta, ba za a tashe shi ba sai injin feshi zai yi aiki.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu abar dubawa ce. Wasu na cewa sun sayi ƙwan, bai yi wata biyu ba ya mutu. Haka ne, domin jabu ya cika kasuwa, kuma masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Sannan wurin wankin mota wuri ne na ruwa da kumfa. Ƙwan ɗaki ba zai jure feshi ba. Abin da ya dace shi ne fitila rufaffiya mai alamar IP65, wadda ƙura da feshin ruwa ba sa ratsawa, a kuma sa ma'aikacin lantarki ya ɗaga wayoyi sama ya rufe su. Yaron da ke tsaye babu takalmi a cikin ruwa, kusa da wayar da aka ɗaure da leda, ransa ne a kan siraɗi.

Wasu kuma na cewa ba su da mita, kuɗin ƙiyasi ake kawo musu, ko sun yi tsimi ko ba su yi ba duk ɗaya ne. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma ya nuna cewa tsimin wuta da raba mita tare suke tafiya.

Daga ƙarshe, nauyin ya rataya ne a wuyan ɓangarori uku. Masu wuraren wankin su haɗa kuɗi su sayi nagarin kaya a sari. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta matsa wa masu shigo da jabu. Kamfanin rarraba wuta na Kaduna kuwa ya gaggauta sanya wa ƙananan masu sana'a mita, domin wanda ya rage shan wuta ya ga ribar hakan a aljihunsa.