Mita Mai Lamba Biyu: Nawa Ne Kuɗin Wutar Wata?

A wannan makon za mu leƙa Birtaniya, inda wasu gidaje ke biyan kuɗin wutar lantarki da farashi iri biyu: na rana daban, na dare daban. Sunan tsarin Economy 7, an fara shi a 1978, kuma bakwai ɗin nan na nufin awa bakwai na dare da wuta ke araha, galibi daga wajen ƙarfe 12 na dare zuwa 7 na safe, ko da yake lokacin yana ɗan bambanta daga yanki zuwa yanki. Faransa ma tana da irinsa, sai dai nata awa takwas ne.

Me ya sa wutar dare za ta fi araha? Manyan tashoshin lantarki, musamman na kwal da na nukiliya da Birtaniya ta dogara da su a lokacin, ba kamar janareton gida suke ba da za a kashe in an je barci. Sun fi son aiki ba tsayawa, ga shi kuma ajiye lantarki mai yawa abu ne mai wuya. Da dare masana'antu da ofisoshi sun tashi, wuta ta yi yawa, masu sha sun yi kaɗan. Sai aka rage farashi don jawo mutane. Shi ya sa gidajen da ke kan wannan tsari suke da wata irin hita mai bulo a ciki, wadda ke zuƙar zafi cikin dare ta riƙa sakinsa a hankali da rana.

Kafin mu shiga lissafi, mu tuna mene ne yunit. Yunit ɗaya, wanda ake rubutawa kWh, shi ne wutar da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 ke sha a awa ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 zai cinye yunit guda a awa ɗaya, ƙwan lantarki mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100 a kunne.

Mitar wannan tsari lamba biyu take nunawa, ɗaya ta rana, ɗaya ta dare. Ba ta komawa sifiri a ƙarshen wata, ƙirgawa take ta yi tun ranar da aka saka ta. Don haka lambar da ka gani yau ba ita ce abin da ka sha ba, sai ka cire karatun baya daga na yanzu.

Mu ɗauki wani gida a matsayin misali. Farashin da za mu yi amfani da shi mu muka zaɓe shi don sauƙin lissafi, ba na wani kamfani ba ne. Kuɗinsu fam ne, kuma feni 100 ke yin fam ɗaya, kamar yadda kwabo 100 ke yin naira. A ce yunit na rana feni 30, na dare feni 15.

Ranar 1 ga Janairu lambar rana ta nuna 24,310, ta dare 11,845. Ranar 31 ga watan ta rana ta kai 24,520, ta dare 11,995.

Rana: 24,520 − 24,310 = yunit 210. Sau feni 30, ya zama feni 6,300.
Dare: 11,995 − 11,845 = yunit 150. Sau feni 15, ya zama feni 2,250.

Jimla feni 8,550. A nan da yawa za su ajiye biro, amma da saura. Akwai wani tsayayyen kuɗi da ake biya kowace rana, ko an kunna wuta ko ba a kunna ba, na kula da wayoyi da sauran hidima. A ce feni 50 ne a rana. Daga 1 zuwa 31 ga wata kwana 30 ne tsakanin karatun biyu, ba 31 ba, a kula da wannan, don irinsa ne ke cinye maki a jarrabawa. To 30 sau 50, feni 1,500. Haɗa da na baya, 10,050. Sai harajin VAT, wanda a Birtaniya kashi 5 cikin 100 ne kan wutar gida: feni 502.5. Abin biya ya zama feni 10,552.5, wato kusan fam 105 da feni 53.

Yanzu ga tambayar da ta fi muhimmanci a wurinmu: shin gidan nan riba ya ci ko faɗuwa ya yi? Kamfanin wuta ba sadaka yake rabawa ba. Abin da ya rage maka da dare yana ɗora shi a kan farashin rana, wanda yawanci ya fi na masu farashi ɗaya tsada. A ce maƙwabcinsu yana biyan feni 25 kan kowane yunit, dare ko rana, kuma tsayayyen kuɗinsu ɗaya ne. Da gidanmu na misali kan wannan tsarin yake, yunit 360 ɗinsa zai ci feni 9,000. Ya biya 8,550, ke nan ya tsira da feni 450.

Amma a ce wani gidan ya sha yunit 360 ɗin nan dai, sai dai 300 da rana, 60 kacal da dare. Nasa 9,000 ne a haɗa da 900, wato 9,900. Ya yi asarar feni 900 a wata guda, alhali mai gidan yana ta murna cewa yana kan tsarin araha. An gudu ba a tsira ba.

To ina iyakar take? Nan aljabarar da wasunku ke gudu za ta yi mana rana. Mu kira kason wutar dare x, kason rana ya zama 1 − x. Muna neman inda farashin biyu za su yi kunnen doki:

30(1 − x) + 15x = 25
30 − 15x = 25
x = 1/3

Wato a wannan farashin, sai gida ya sha fiye da kashi ɗaya cikin uku na wutarsa da dare kafin tsarin ya amfane shi. Gidan farko ya sha 150 cikin 360, kusan kashi 42 cikin 100, ya haye. Na biyu kashi ɗaya cikin shida ne, bai ko kusa ba. In farashi ya canza, iyakar ma za ta matsa, sai a sake lissafi.

Akwai tarko guda biyu. Wasu mitocin R1 da R2 kawai suke rubutawa, kuma ba kullum R1 ke nufin rana ba. Hanyar ganewa ita ce a rubuta lambobin biyu da hantsi, a dawo da la'asar, wadda ta motsa ita ce ta rana. Na biyu, Birtaniya tana tura agogo gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, amma agogon wasu tsofaffin mitoci ba ya bin wannan canji. Mai kunna injin wanki ƙarfe 12 daidai yana iya wanki da farashin rana bai sani ba.

A gidajenmu na Najeriya ba sa'a ke raba farashi ba, rukuni ne, daga Band A zuwa Band E, gwargwadon awannin wutar da aka yi wa unguwa alkawari. Band A, alal misali, aƙalla awa 20 ne a rana. Amma karatun mita bai canza ba. Sai dai mitar kati raguwa take yi, don haka ka haɗa yunit ɗin da ka fara da su da waɗanda aka sayo a tsakani, ka cire abin da ya rage. Ku gwada na mako ɗaya a gida, ku karanta lambar kawai, ban da taɓa waya.

Aikin gida: a wani kamfanin yunit na rana feni 32 ne, na dare feni 12, farashi ɗaya kuma feni 24. Wani gida yana shan yunit 500 a wata. Yunit nawa zai sha da dare kafin farashin biyu su zo daidai? Za mu kawo amsar a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.